Yadda Ake Tsara Maharbi a Wasannin Intanet

Wani mai sauraro daga Rijiyar Zaki ya nemi bayani kan yadda ake tsara jarumin da ake kira renja a wasannin almara na intanet, wato waɗanda ɗan wasa ke rainon jarumi ɗaya mataki-mataki har ya ƙasaita. Renja maharbi ne masanin daji, kuma asalinsa yana komawa ga wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, aka kuma ƙara masa wannan jarumi a 1975.

Tsarawa na nufin raba makin da wasa ke bayarwa tsakanin siffofin jarumi. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, kaso mafi tsoka ya kamata ya tafi ga zafin nama, domin da shi kibiya ke samun saiti, da shi kuma ake kauce wa sara, alhali ƙarfin damtse ba ya ƙara wa harbi komai.

A wasan intanet na Guild Wars 2 na 2012 kuwa, renja yana fita da dabba kamar yadda mafarauci ke fita da karensa, kuma dabba mai jure duka ta fi dacewa da wanda intanet ɗinsa ke yawan tsinkewa, domin takan riƙe abokin gaba kafin layi ya daidaita.