Kai Rahoton Yaron Da Ake Cuta Ba Tonon Asiri Ba Ne



Bayan sallar Asuba wani bawan Allah ya tare ni ya ce: "Malam, maƙwabciyarmu tana azabtar da marainiyar da take riƙo, har ƙona ta take yi. In na kai rahoto, ban tona asirin Musulmi ba?"

Na ce masa a'a. Suturcewar da shari'a ta kwaɗaitar ta shafi zunubin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Amma zaluncin da ake kan yi wa wanda ba ya iya kare kansa, tsayar da shi wajibi ne.

Ku dubi babin laƙiɗ a fiƙihu, wato jaririn da aka tsinta. Malamai suka ce ɗaukarsa farillar kifaya ce: in kowa ya ƙyale, duka gari sun yi laifi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, an kawo wa Sayyidina Umar irin wannan jaririn. Sai da ya binciki amanar wanda ya tsinto shi, sannan ya hukunta cewa yaron ɗa ne, ciyarwarsa kuma tana kan hukuma. Kun ga ashe kula da yaro marar gata aikin hukuma ne tun asali.

A yau jami'an walwalar jama'a ke ɗauke da wannan nauyi. Sukan binciki halin da yaro ke ciki, su kai shi asibiti, su nemo danginsa. In ba amintaccen dangi, a ajiye shi gidan marayu, in ta kama a je kotu. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Katsina kuma ta samu tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Masari.

Mu tuna watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da yara da matasa daga gidajen mari a Daura da nan Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Waɗannan gidajen a cikin unguwanni suke, maƙwabta na kusa.

Don haka 'yan uwa, in ka ga ana cutar yaro, fara da nasiha. In ba a ji ba, sanar da mai unguwa ko liman, a kai ga jami'an walwala. In rai na cikin haɗari, kai tsaye wajen 'yan sanda. Faɗi abin da idonka ya gani kawai, ban da ƙari. Kuma don Allah kar a watsa hoton yaron a Facebook, gobe zai girma.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam.