DARASI NA BAKWAI: KARE KYAMARA DAGA RUWA DA DANSHI A FAGEN BINCIKE

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya fita tattara bayanai kan al'adu da adabin baka yana buƙatar kyamara kamar yadda yake buƙatar alƙalami da takarda. Da ita ne zai adana hoton masu ɗori a Aliero, ko hada-hadar kasuwar Jega, ko aikin manoma a karkarar Maiyama irin su Giwa Tazo. Sau da yawa abin da aka ɗauka ba ya maimaituwa. Biki shekara-shekara ake yin sa, dattijon da ya ba da tarihi kuma ba lallai ne a sake samun sa ba. Saboda haka lalacewar kyamara a fagen bincike asarar ilimi ce kafin ta zama asarar kuɗi.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana hanyoyin da danshi ke shiga kyamara;
(b) kawo matakan kariya kafin fita da lokacin ɗauka da bayan dawowa;
(c) faɗin abin da ya kamata a yi idan kyamara ta jiƙe.

3.1 Hanyoyin da Danshi ke Shiga Kyamara

Hanya ta farko ita ce ruwan da ido ke gani, wato ruwan sama da fantsalin ruwan gulbi. A wannan yanki na Jihar Kebbi damina kan kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta, lokacin marka. Ko da rani ma, mai ɗaukar hoto a bakin Gulbin Zamfara a Jega, ko a Matan Fada yayin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tsakiyar wannan haɗari.

Hanya ta biyu ta fi ɓarna domin a ɓoye take. Iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin ruwa, idan ta taɓa abu mai sanyi sai tururin ya koma ruwa. Wannan ne ya sa kwalbar ruwan sanyi ke zufa idan aka fito da ita daga firji. A ƙasashe masu dusar ƙanƙara, irin su Kanada da Rasha, hakan na faruwa ne idan aka shigo da kyamara daga sanyin waje zuwa ɗaki mai ɗumi. A wajenmu kuwa akasin haka ne: a fito da ita daga mota ko ofis mai na'urar sanyaya iska zuwa waje da damina, nan take raɓa ta kwanta a kan gilashinta da cikinta.

Danshin da ya daɗe a ciki yana haifar da illa biyu: tsatsa a kan ƙananan wayoyin lantarki, da fumfuna a cikin gilashi. Fumfunar takan fara kamar zaren saƙar gizo-gizo, idan ta daɗe sai ta ci fuskar gilashin, hoto ya riƙa fita dishi-dishi.

3.2 Matakan Kariya

Kafin fita, ɗalibi ya tanadi ledoji masu kauri biyu ko uku, da roba ta ɗauri, da ƙyalle mai laushi, da lema. Ya kuma tara ƙananan ƙunsoshin silika, waɗanda akan samu a cikin kwalin sababbin takalma ko kayan lantarki, ya zuba su cikin jakar kyamara, domin aikinsu tsotse danshi.

Lokacin ɗauka, idan ana yayyafi, a sa kyamara cikin leda, a huda daidai bakin gilashi, a ɗaure da roba. Abokin tafiya ya riƙe lema domin hannuwan mai ɗauka su sake. Kada a buɗe gidan batir ko na katin ajiya, kada kuma a sauya gilashi a fili. A nemi zaure ko rumfa. A cikin kwalekwale a rataya igiyar kyamara a wuya.

Idan za a fita daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, a ƙulle kyamara cikin leda tun a ciki, a bar ta har jikinta ya daidaita da iskar waje. Ta haka raɓar za ta kwanta a bayan ledar.

Bayan dawowa, a goge jikinta, a bar jakar a buɗe ta sha iska. Kada a ajiye ta a ƙasan ɗaki mai laima ko cikin akwatin tufafi. A kwafe hotunan zuwa kwamfuta a ranar, kowane da sunan wuri da kwanan wata.

3.3 Idan Kyamara ta Jiƙe

Babban kuskure shi ne kunna ta don a ga ko tana aiki, domin haɗuwar wuta da ruwa ce ke ƙona cikinta. A kashe ta, a cire batir da katin ajiya, a tsane ruwan da ƙyalle, a bar ƙofofinta a buɗe a inuwa mai iska, sa'annan a rufe ta da silika na 'yan kwanaki. Kada a shanya ta a rana ko kusa da murhu. Binne ta cikin shinkafa, kamar yadda wasu ke yi, ba ya tsotse ruwan da ke ciki sosai, ƙurar shinkafar kuma takan shige ta. Idan nutsewa ta yi, a kai ta wurin mai gyara da gaggawa.

4.0 Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Leda da roba da ƙunshin silika ba su da tsada, amma da su ake tsare aikin watanni. Malamin da ya saba da waɗannan matakai zai koyar da su ga ɗalibansa ranar da zai tura su gari neman tatsuniya ko tarihin sana'a.

5.0 Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda raɓa ke samuwa a cikin kyamara, tare da misali daga garinku.
2. Kawo matakai huɗu da za ka ɗauka idan kyamararka ta faɗa ruwa.
3. An tura ka ɗaukar hotunan noman shinkafa a fadama cikin watan Agusta. Tsara jerin kayan da za ka tafi da su, da dalilin kowane.