Maki Nawa Ya Rage Wa Yaronku? Ku Lissafa Tun Da Wuri

A yawancin gidajenmu sai sakamako ya fito ake ɗaukar biro a hau lissafi, bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Lissafi mai amfani shi ne wanda aka yi kafin yaro ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma bangon tsohon littafi ma ya isa a yi shi.

1. Ku tambayi yadda makarantar ke raba maki 100. Wasu kan ware 40 ga gwaji da aikin gida, 60 ga jarrabawar ƙarshen zango. Wasu kuma 30 da 70. Malamin aji zai gaya muku a tsaye, ba sai kun nemi shugaban makaranta ba.

2. Ku ɗebe abin da ke hannu daga abin da ake nema. A ce yarinyarku ta tara 22 cikin 40, ana cin darasin da 50: saura 28 cikin 60, ko rabi bai kai ba, sai hankalinta ya kwanta. In kuwa 75 take hari, sai ta kawo 53, wato maki 7 kacal za ta iya zubarwa. Da wannan za ku gane darasin da ya cancanci kuɗin malamin gida, da wanda karatun bayan Isha'i ya wadatar.

3. A WAEC, kiredit ake ƙirgawa, ba "na ci" ba. A ma'aunin da makarantu ke bi, C6 daga 50 yake farawa, A1 daga 75. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne, amma jami'a kiredit biyar take nema, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu.

4. Ku rarraba 400 ɗin JAMB. Darussa huɗu ne, kowanne 100: Turanci tambaya 60, sauran ukun 40-40, jimla 180 cikin awa biyu. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan, don haka ku kunna wa yaron agogon waya yayin da yake bitar tambayoyin baya. Mai neman 240 yana bukatar 60 a kowane darasi. In Turancinsa ya tsaya a 50, dole sauran ukun su cike goman.

5. Kada mafi ƙarancin maki ya ruɗe ku. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a da kowane sashe na da nasu, kuma mai son likitanci ko lauya da 150 gara a gaya masa gaskiya tun yanzu.

6. Ku koyi haɗa JAMB da jarrabawar tantancewa. Wasu jami'o'i kan raba makin JAMB gida 8 ya koma cikin 50, ragowar 50 ta fito daga tantancewarsu. Mai 240 yana da 30. In sashen 62 yake so, sai ya samo 32. Wasu kuma har sakamakon WAEC ko NECO suke sa wa maki, saboda haka ku duba sanarwar jami'ar ta bana, ba abin da ɗan maƙwabta ya tarar bara ba.