Sa Mota a Firi Yana Rage Shan Mai?

Tambaya: Malam, tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake sa motata a firi idan na zo gangare, amma ban ga sauƙi ba. Ina mafita? Daga wani direba a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah ka daina. Motar zamani mai injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta kan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. A firi kuwa dole injin ya sha mai don kada ya mutu. Ga haɗari kuma, domin birki kaɗai ka bar wa nauyin motar, ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Inda man ke tafiya shi ne jan giya ta biyu ko ta uku injin na kuka. Canza giya da wuri, allurar juyin injin na tsakanin 2,000 da 2,500, amma kada ka hau tudu da babbar giya mota na kakkarwa. Rage fizga da taka birki a cunkoso. A babban titi, gudun da ya wuce kilomita 90 a awa kokawa ce da iska, kuma aljihunka ke biya. Duba iskar taya duk mako.