Injin niƙa: wa za a fara yi wa?

A garuruwan Magariya da Dungas, kamar Bande da Waca da Dogo-Dogo, injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka. Amma inji yana gajiya. Kullum ya yi aiki, haƙoransa suna cinyewa. Haƙori in ya dakushe, niƙa yana daɗewa, inji yana shan gazuwal da yawa, gari kuma ba ya laushi.

Tun shekarar 2011 ake tace mai kusa da Damagaram. Duk da haka gazuwal kuɗi ne, kuɗin asusun inji kuwa kaɗan ne. Don haka sai an tsara aiki.

Ga misali. Mata 3 sun kawo gero tare. Ta farko tiya 10, ta biyu tiya 4, ta uku tiya 2. A ce kowace tiya tana cin minti 3.

In an fara da mai tiya 10, mai tiya 2 sai ta yi minti 48 kafin ta tafi. In an fara da ƙaramin niƙa, mai tiya 2 za ta tafi bayan minti 6, mai tiya 4 bayan minti 18. Mai tiya 10 za ta gama a minti 48. Gazuwal ɗaya aka ƙona, amma jira ya ragu.

In haƙori ya dakushe har tiya ta koma cin minti 5, wannan aiki zai kai minti 80.

Abin da kwamitin inji ya kamata ya yi:

1. A tara niƙa kafin a tada inji.
2. Waɗanda suka zo tare, a fara da mai kaɗan.
3. A gama busasshen hatsi kafin markaɗen wake.
4. A tsince tsakuwa, don tana cin haƙori.
5. A sa ranar wasa haƙori da canza baƙin mai. Kada ta zama ranar kasuwa.
6. A raba kuɗi kashi 3: na gazuwal, na mai aiki, na gyara. A rubuta a littafi.

Garin da ya cinye kuɗin gyara, ran da inji ya tsaya matansa sun koma turmi.

Tambayoyi:
Tiya nawa matan nan suka kawo gaba ɗaya?
Minti nawa haƙori dakusasshe ya ƙara?
A garinku, wa yake riƙe da kuɗin gyara?