Darasin Wannan Wata: Yadda Za Mu Kafa Firij Ba Tare da Haɗari Ba

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a Karaye da Rogo mun ga gidaje da dama sun sayi firij, yawanci ɗan Kwatano, domin sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Wannan ci gaba ne. Amma firij yana aiki dare da rana, har lokacin da kowa yake barci, saboda haka kuskure kaɗan a haɗin waya yana iya cinye gida. Gobarar benen Grenfell a London a shekarar 2017, wadda ta hallaka mutum 72, daga firij ta tashi.

Ga abubuwan da za mu kiyaye:

1. A ɗauko shi a tsaye. In ya iso gida, a bar shi aƙalla awa huɗu kafin a kunna, domin man injinsa ya koma wurinsa.

2. A ba shi soket nasa shi kaɗai a bango. Kada a haɗa shi da dutsen guga ko hita a kan doguwar waya ɗaya, gama za ta yi zafi ta narke. Kada kuma a cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana.

3. Filogi ya zama mai ƙafa uku. Ƙafa ta ukun tana haɗe da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda take kwashe wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. In jikin firij yana jan mutum, a kashe shi nan take, a kira wanda ya san aikin wuta.

4. Firij yana son wuta mai ƙarfin bolt 230, amma wutar KEDCO takan yi ƙasa ko ta hau. A sa masa sitabilaiza. In an ɗauke wuta a zare filogi, in ta dawo a jira minti biyar.

5. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, nesa da murhu da labule da wurin da ruwa yake kwanciya.

6. Kada a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa. Iskar da ke cikin bututun firij na zamani tana kama wuta.

In wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe babban makunni, ko ka ture shi da busasshen ice. In gobara ce, kashe makunnin, ka zuba yashi, ba ruwa ba.

Aikin gida: kowa ya taɓa filogin firij ɗinsa yau. In da zafi ko baƙin ƙuna, a canza shi kafin dare. Mu karanta wa maƙwabta wannan darasi. Rigakafi ya fi magani.