Kuɗin Makarantun Gwamnati da Batun Inshora: Nazari Daga Misau

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun firamare a ƙasar Misau ko Katagum ya san irin ɓarnar da iskar farkon damina take yi. A dare ɗaya sai ta yaye kwanon aji, gari ya waye yara suna karatu a gindin bishiya. Wannan maƙala za ta duba hanyoyin da kuɗi suke shigowa makarantun gwamnati, da kuma matsayin inshora a cikinsu.

Ma'anar Inshora

Kalmar inshora ararriya ce daga Ingilishi. Tana nufin yarjejeniyar da mutum ko hukuma za su riƙa biyan kamfani wani ƙayyadajjen kuɗi duk shekara, shi kuma ya biya diyya idan asara ta auku. Hikimar ita ce, masu zubi suna da yawa, amma waɗanda asara take faɗa wa a shekara guda kaɗan ne.

Hanyoyin Samun Kuɗi

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. A Jihar Bauchi, hukumar SUBEB ce take sarrafa wannan kuɗi. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa.

Manyan makarantu, irin su Kwalejin A.D. Rufa'i ta Misau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, sun dogara ne da kasafin jiha da kuɗin da ɗalibai suke biya. Akwai kuma asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin ETF na 1993, domin tallafa wa manyan makarantun gwamnati da gine-gine da horar da malamai.

Me Doka Ta Ce?

Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta yi wa gine-ginen da jama'a suke amfani da su inshora, har da makarantu, saboda rushewa da gobara da guguwa da ambaliya. A 2025 aka maye gurbinta da sabuwar doka, ita ma ba ta soke wannan wajibci ba. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce mai sa ido.

Inda Gizo Yake Saƙa

Akasarin kuɗin UBEC da TETFund na ayyuka ne, wato gini da kujeru da littattafai da horo. Inshora kuwa ɗawainiya ce ta kowace shekara, don haka sai ta faɗa cikin kuɗin gudanarwa tare da alli da wutar lantarki da man janareta. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, abin da ba a ganinsa da ido shi ake fara yankewa. Sakamakon haka, idan kwano ya yaye sai a jira kasafin baɗi, ko kuwa iyaye da kwamitin kula da makaranta su yi karo-karo.

Wasu kuma suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. Amma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakon juna bisa tafarkin Musulunci.

Kammalawa

Shawara a nan ita ce, duk lokacin da aka yi kasafin gina aji, a rubuta kuɗin inshorarsa a layi na musamman, a kuma haɗa makarantun ƙaramar hukuma a yarjejeniya guda domin samun rangwame. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.